Ƙarfe Ba Shi Da Suruka

Ni dai a bakin murhu na tsufa. Tun ina goye da ɗana na fari nake turara shinkafa a bayan gidanmu da ke Majidaɗi. Yanzu ga shi ɗan nan har ya ajiye iyali, ni kuwa ina nan ina fama da duro da itace, kuma ban taɓa jin sana'ar ta ishe ni ba. Shanshera muke sayowa daga Mutum Biyu, da ƙaiƙayinta, mu wanke, mu jiƙa ta kwana. Kashegari a zuba a rabin duro da ɗan ruwa a ƙasa, a rufe da buhu, tururi ya ratsa ta har ƙaiƙayin ya buɗe baki. Daga nan sai shanya, sai inji, sai tsintar tsakuwa. Kowa da wurinsa a aikin, amma wuta tawa ce, ba na raba ta da kowa.

Dalili kuwa hanci. Ruwan da ke ƙasan duro ba a ganinsa, shinkafa ta danne shi. In ya kusa ƙarewa ƙamshin tururin yakan juya, ya bar na ɗanyar ciyawa ya koma kamar na gyaɗa a kasko. A daidai nan ake janye itace. Ka yi jinkiri kaɗan, ƙasa ta kama, ƙauri ya bi duron gaba ɗaya. Irin ƙaurin nan kuma munafuki ne, ba ka jinsa a buhu, sai an dafa an zuba a faranti. Ni kuwa ko ina cikin ɗaki ina ninke kaya nakan ji juyawar nan, in fito da gudu. Da hancin nan na yi suna a unguwa, kuma ba zan ɓoye ba, ina taƙama da shi.

Sai wata damina na yi wata muguwar mura mai zazzaɓi. Na warke, na miƙe, ashe ta tafi da abin da ta tafi da shi. Wallahi ban sani ba. Abin da na sani kawai shi ne mai daddawa ta fara ha'inci, daddawarta ba ta da ƙarfi, har na tsaya a tsakiyar kasuwa na wanke ta tas. Mai turare ma na ce ya fara gauraye. Kowa ya lalace a Jalingo sai ni! Na faɗa muku wannan tun yanzu ne don ku riƙe abin da ni ban riƙe ba a lokacin.

Mu uku ne a aikin. Akwai ƙawata, 'yar Mumuye ce, Kirista, a layin inji muka haɗu tun muna da jajayen sawu. Ita ce mai tsintar tsakuwa, tana zama can a zaure da faifai. Hausarta irin ta garin nan ce, namiji da mace duk "ya" ne a wurinta. In ta ce "Hajiya ya zo," ni take nufi, na daina gyara mata tun tuni. Sai matar ɗana, Bafulatana daga wajen Iware, wadda har yau Amarya nake ce mata ko da yake ta haihu. Ita ke ɗebo ruwa, ita ke baza shinkafa a kan tamfol, don haka kullum tana kusa da duro. Yarinya ce mai hannu, aikinta ba ya buƙatar a bi baya. Amma kunya, Allah mai iko! Ba ta cin abinci a gabana, ba ta ɗaga ido ta dube ni, ba ta riƙe ɗanta da fara'a in ina wurin. In na yi mata magana sai ta durƙusa ta ce, "To, Dada," shi ke nan an rufe zance. Ina son hakan, ba zan yi ƙarya ba. Mu ma haka muka yi wa namu surukan.

Wata rana da hantsi sai ga babbar mai sayen shinkafarmu a keke, wata mai gidan abinci kusa da tashar mota. Ita ke ɗaukar mafi yawan abin da muke yi, kuma sauran masu abinci bakinta suke bi. Ta shigo da kula a hannu, muka gaisa, ta buɗe ta miƙo min cokali.

"Hajiya, ci ki ji."

Na ci. Na ce, "Lafiya lau. Gishiri ne dai ya ɗan yi kaɗan."

Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, "Ƙauri, Hajiya. Direbobi suna barin abinci a faranti, kuma ba yau farau ba. Na yi shiru ne saboda girmanki. In aka sake zan nemi wani wuri, ba don raina ya so ba."

Bayan ta tafi na zauna a kan turmi. In matar nan ta juya mana baya, sunan da na gina a bakin murhu ya tafi, aikin da ke riƙe da gidana da na ƙawata ya tafi. Amma da yake laifi tudu ne, nan take na hango mai inji. Na ce hayaƙin injinsa ne ke shiga shinkafa. Na je na yi masa ruwan masifa, bawan Allah ya yi ta ba ni haƙuri a kan abin da bai yi ba.

Ƙawata ce ta fara kawo dabara, irin tata ta mai tsinta. Ta ce, "Kowane buhu kafin ya fita, ni zai dafa kaɗan in ci. Wanda ya yi ƙauri ba zai fita ba." Haka aka yi. Ta kafa ƙaramar tukunya a zaure, ta zama mai gadin ƙofa. Dabarar ta yi aiki ta wani gefen, don ko ƙwaya ɗaya mai ƙauri ba ta sake zuwa tasha ba. Amma buhunan da ta ƙi suka fara taruwa a lungu, muna sayar wa masu masa a wulaƙance, mai gidan abinci kuma tana aiko yara mu ce babu. To mai sayar da abinci da ba ta samu shinkafa ba ai duk ɗaya ne da wadda ta samu mai ƙauri, dole ta duba wani wuri. Ni kuwa duk wanda ƙawata ta ƙi sai na ɗanɗana na ce ban ji komai ba, mu yi ta musu. Takan ce, "Yana nan, Hajiya," in ce harshenta ne ya tsufa.

Ana cikin haka Sallah ta zo, 'yata ta zo gida da mijinta. Ita ta karanta harkar kasuwanci a jami'a, tana aikin ofis. Shi kuma yana kula da ma'aikata a wani kamfanin ruwan leda. Suna jin labari suka ajiye nama suka hau gardama a tsakar gida, kai ka ce shinkafar tasu ce.

'Yata ta ce, "Dada, bincike a ƙarshe ai bayan ɓarna ne. Matsalarku ita ce komai da ka kuke yi. Yau ruwa kaza, gobe kaza. A auna ruwa, a auna shinkafa, a auna lokaci, duro na yau ya zama daidai da na jiya. In aka kashe bambanci an kashe kuskure." Ta kira sunan tsarin, wai Sikis Sigima. Na ce sunan ma kamar na allura.

Mijinta ya gyara zama, yana duban ƙasa saboda ni. Ya ce awo yana da kyau, amma su a kamfaninsu abin da ya fi yi musu amfani shi ne a ba kowane ma'aikaci iko ya tsayar da aiki da zarar ya ga abin da ba daidai ba, ko mai shara ne. A gyara a wurin, kaɗan-kaɗan, kullum. Ya ce daga Japan aka samo shi, sunansa Kaizan.

Na juya wajen 'yata, don ba na duban mijinta kai tsaye, na ce, "Kai zan me?"

Tsakar gida ta kwashe da dariya, har Amarya na ga kafaɗarta tana rawa a bakin madafa. Suka ci gaba da jayayya, ita tana cewa nasa tsarin surutu ne babu lissafi, shi yana cewa nata na masu farar riga ne, ba na masu itace ba. Na ji daɗin ranar nan ƙwarai. Ba ƙaramin abu ba ne ka ga 'ya'yanka masu boko suna ɗaga murya a kan duronka.

Na 'yata muka fara gwadawa, ai tawa ce. Ta zaɓi bokiti ɗaya ta yi masa zane da fenti, ta ce ruwa ya tsaya a nan. Ta sa min ƙararrawa a waya, in ta yi kuka in janye wuta. Kuma don Allah a ba ta haƙƙinta, abin ya gyara mana abubuwa da dama. Launin shinkafa ya daidaita, ba wannan buhu fari wancan ja ba. Karyewa a inji ta ragu, don ta hana mu shanya a tsakar rana mai ƙuna. Har ƙaurin ya ɓace na ɗan lokaci, na fara cika baki. Sai mai kawo mana itace ya sauya kaya, ya kawo busasshiyar kirya mai ci kamar an zuba mata fetur. Waya ba ta san kirya ba. Tana can tana ƙirga lokacinta, ruwa ya riga ya ƙone. Wata ranar kuma itace jiƙaƙƙe ne, waya ta yi kuka shinkafa ko gumi ba ta yi ba. 'Yata ta ce to a auna itacen ma. Na ce ta zo ta auna, ni ban iya ɗora gungume a sikeli ba.

Sai mijinta ya zo da nasa wata Asabar. Ya zauna a kan benci, ya ce su in abu ya lalace tambaya suke yi, "me ya sa," su yi ta bi har su kai tushe. Ƙawata yake tambaya, ni ina gefe ina tsince wake.

"Mama, me ya sa shinkafa take ƙauri?"

"Ƙasa ne ya kama."

"Me ya sa ƙasa ta kama?"

"Ruwa ya ƙare."

Na ce, "Wannan ai tambayar kabari ce."

Ya yi murmushi ya ci gaba. "To me ya sa ba a janye wuta ba kafin ruwan ya ƙare?"

Ƙawata ta kau da kai. Na ga ya kalli murhu, ya kalli kujerata da ke gefen murhun, sai ya duba agogo ya ce la'asar ta gabato. Tsarin Japan ya zo bakin kujerar suruka ya ja birki. Ni a lokacin ban gane ba, na ɗauka tambayoyin ne suka ƙare masa. Kafin ya tafi dai ya kafa mana doka: duk wanda ya ga ko ya ji wani abu ba daidai ba, ya ce "a tsaya," kowa ya tsaya. Na amsa da ƙarfi na ce, "Ko ni ce a faɗa min! Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba." Kuma har zuciyata nake nufi, don ban taɓa kawo wa raina ni ɗin ce ba.

Ba wanda ya ce a tsaya. Duro ya sake kamawa a makon nan.

Daga baya ne ƙawata ta ba ni labarin abin da ya faru a bayan idona. Ta ja Amarya gefe ta ce, "Ke ne kusa da duro. Kina ji lokacin da yana kamawa?" Amarya ta sunkuyar da kai, ta yi ta murza bakin gyalenta, hawaye suka zubo. Ashe duk watannin nan tana ji. Tana jin ƙamshi ya juya, ta ga ina zaune ina kaɗa ƙafa, ta yi ta zagaye duro, ta yi tari, ta ajiye bokiti da ƙarfi, ni kuwa in ce mata ta bar min ɓuruntu. Ta buɗe baki ta ce wa uwar mijinta wutarki ta yi yawa? A gidansu an gwammace duron ya ƙone ƙurmus.

A lokacin dai ƙawata ta ɓoye min zancen. Ran Litinin sai ga ta da tsohon wilin mota a ka, da guntun rodi a hannu. Ta sa aka rataye shi a reshen mangwaron da ke tsakanin murhu da wurin shanya.

Na ce, "Wannan fa? Makaranta za ki buɗe mana?"

Ta ce, "A cocinmu na ƙauye shi ne yana kiran mutane. Fasto yana ji, sarki yana ji, ba wanda yana fushi. Wanda ya ga abu, kar ya yi magana, ya buga. Ƙarfe ba shi da suruka, Hajiya."

Na yi dariya na ce ta faɗi gaskiya. A raina na ce madalla, ko Amarya ta samu bakin korar awaki daga kan tamfol.

Ƙarfen nan ya zama abin wasanmu. Ni na fi kowa bugawa. In na ga yashi a gefen tamfol, ƙwal! In aka kawo buhu mai huji, ƙwal! Ƙawata takan taso daga zaure ta buga in ta ga tsakuwa ta yi yawa, mu je mu duba wurin wanki, mu tarar rariya ce ta yage. Ƙananan abubuwa da yawa suka gyaru a haka, ba faɗa ba ɓacin rai. Amarya kaɗai ce ba ta taɓa rodin nan ba, takan ma kauce masa in za ta wuce.

Sai ranar da mai gidan abinci ta aiko cewa tana da girkin biki, tana son kaya masu yawa, kuma ta ƙara da cewa daga wannan za ta san matsayinta da mu. Na tashi da ƙarfina. Shanshera mai kyau ce, doguwa, na auna ruwa daidai zanen fenti, na sa waya, na haɗa wuta da hannuna. Na zauna a kujerata ina jin daɗin safiyar, tururi yana tashi fari tas, waya ba ta ko kusa yin kuka ba.

Ƙwal!

Ba da ƙarfi ba ne, kamar an taɓa shi bisa kuskure. Na waiga. Amarya ce tsaye a gindin mangwaro, goyo a bayanta, rodi a hannunta, fuskarta a juye wajen katanga. Na duba tamfol, ba akuya. Na duba sama, ba hadari.

Na ce, "Mene ne?"

Ta sake ɗaga rodin. Ƙwal! Wannan karon har tsuntsaye suka tashi. Sannan ta nuna duro da rodin, ba tare da ta juyo ba.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Ni? A kan wutata? Yarinyar da aka haifa ina turara shinkafa? Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga ƙawata ta fito daga zaure ta tsaya da faifai a hannu tana kallona. Ni na ce ko ni ce a faɗa min, a gaban mutane na faɗa. Na haɗiye abin da ke bakina, na sunkuya na janye itace, ina huci. A raina ina cewa bari in juye duron nan kowa ya ga ruwa, yarinya ta ji kunyar gaske.

Muka kama ni da ƙawata muka juye a kan tamfol. Babu ruwa ko ɗigo. Ƙasan duron ya bushe ƙayau, ƙwayoyin da ke manne a gindi sun fara yin ja, saura ƙiris su kama. Na durƙusa na kai fuskata cikin tururin, na ja numfashi har ƙirjina ya cika. Zafi kawai na ji. Ba ciyawa, ba gyaɗa, ba komai. Na sake ja. Nan mai daddawa ta faɗo min a rai, da mai turare, da mai inji, da cokalin da na ci na ce gishiri ne ya yi kaɗan.

Na daɗe a durƙushe. Na ji baƙin ciki irin na wanda aka yi wa sata yana zaune a ɗakin. Da na ɗago, Amarya ta riga ta durƙusa a inda take, kanta a ƙasa, tana jiran hukunci. Sai na ce, "Tashi ki baza ta kafin ta yi gumi." Ta ce, "To, Dada." Da za mu ɗora duro na biyu, na ja ƙaramar kujera na ajiye kusa da tawa, ta ɓangaren da iska ke kai tururi. Ban ce ta zauna ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta zauna, ta ɗan juya min baya.

Haka muke har yau. Ni ke haɗa wuta, don har yanzu ba wanda ya kai ni sanin itace, da ido nake gane wanda zai yi ci da wanda zai yi hayaƙi. In ƙamshi ya juya, Amarya ta miƙa hannu ta taɓa ƙarfe, ni in janye. Ba ta taɓa ce min uffan a kan hancina ba, ni ma ban taɓa tayar da zancen da ita ba. Bokitin 'yata yana nan da zanensa, ƙawata kuma takan dafa ɗan kaɗan jefi-jefi don ta tabbatar. 'Yata da mijinta suna nan suna jayayyar wanda tsarinsa ya ci, duk Sallah sai sun tayar, ƙawata tana gefe tana cewa a biya ta kuɗin wilinta. Mai daddawa kuwa na je na ba ta haƙuri, ta ce ai ta ɗauka aljanu ne suka taɓa ni.

Bayan bikin nan mai gidan abinci ta zo da kanta, da kula kuma, amma wannan karon da nama a kai. Ta zauna a tsakar gida tana ta zuba yabo, ta ce mutanen biki har tambaya suke yi daga ina shinkafar take. Ta dafa gwiwata ta ce, "Na san za ki gyara. Hajiya, hancin nan naki ba ya tsufa."

Na ce, "Hancina? Ga shi can gindin mangwaro yana goyon jikana."

Matar ta waiga tana neman abin da nake nufi. Amarya ta ja gyale ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta shige madafa da sauri har tana tuntuɓe da bokiti. Da yamma na tarar da kwanon fura a ƙofar ɗakina, an dama ta da kindirmo mai kauri, an rufe da faifai. Ban ji ƙamshinta ba, amma na shanye tas.